Yadda za ka kula da tsohuwar ƙaramar motarka a gida ta ƙara maka shekaru

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yunin wannan shekarar, lissafin masu mota ya sauya. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin 'yar Kwatano kuma ya ninka. Wanda a da yake sauya mota duk bayan shekara huɗu ko biyar, yanzu dole ya riƙe wadda ke hannunsa.

Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke titunanmu sun kai shekara ashirin ko sun wuce. Golf 3 an ƙera ta ne tsakanin 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, Peugeot 206 ta fito a 1998, ita kuwa Corolla ɗin da ta cika gari ta 2003 ce zuwa 2008. Mota mai irin waɗannan shekaru za ta iya ci gaba da aiki lafiya idan mai ita ya san abin da ke kashe ta. Za mu ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008 a matsayin babban misali saboda yawanta, amma kusan duk bayanin ya shafi sauran ƙananan motoci masu amfani da fetur.

Kayan aiki huɗu da ya kamata ka mallaka

Na farko shi ne na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake kira OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da mai fetur da aka sayar a Turai daga 2001, tana da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura irin ELM327 ake sokawa a wurin, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, sai ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner ka ga abin da motar ke ƙorafi a kai. Mai iPhone ya tabbatar ya sayi wadda aka rubuta tana aiki da iPhone, don ba kowacce ke haɗuwa da ita ba. Golf 3 na farkon shekarun 1990 kuma ba lallai ta yi magana da irin wannan na'ura ba. In ka gama aiki ka cire ta, domin soket ɗin na da wuta ko motar na kashe, kuma na'urar za ta iya shanye batir idan mota ta daɗe a ajiye.

Na biyu shi ne mitar awon wuta. Na uku gejin iskar taya. Na huɗu kuwa littafi ne, ko shafi a wayarka, da za ka riƙa rubuta ranar kowane gyara da kilomitar da mota ke kai da abin da aka kashe. Ba tare da wannan rubutu ba, ba za ka san lokacin juye ya yi ba sai dai ka yi kirdado.

A nan akwai abin lura. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Mil 5,000 daidai yake da kusan kilomita 8,000. Mutane da yawa na kallon lambar da ke allon mota su ɗauka kilomita ce, su zarce lokacin sabis da nisa ba su sani ba.

Baƙin mai

Injin 1.8 da ke cikin wannan Corolla, wanda lambarsa 1ZZ-FE, yana ɗaukar kusan lita 4 na baƙin mai, kuma 5W-30 Toyota ta rubuta wa samfurin Amurka. Lambar da ke kafin harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. A gareji da dama 20W-50 ake zuba wa kowace mota, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Matsalar ita ce wannan injin na da na'urar VVT-i mai sarrafa lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin mai take aiki ta wasu ƙananan ramuka. Mai mai kauri sosai yana jinkirin isa waɗannan wurare da safe, lokacin da ƙarafa suka fi cin juna. Ka bi abin da ke rubuce a murfin zuba mai ko a littafin motar. Idan injin ya tsufa har ya fara shan mai, ana iya hawa mataki ɗaya zuwa 5W-40 ko 10W-40.

Ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye na saurin gajiyar da mai. Saboda haka a yanayinmu gara a yi juye tsakanin kilomita 5,000 zuwa 8,000, ko duk wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A sauya filta tare da man kowane lokaci.

Abin da ya fi juyen ma muhimmanci shi ne duba yawan man. An san wasu injunan 1ZZ-FE, musamman na farko-farko, da shan mai idan rin ɗin fistin ya toshe. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka jira minti biyar, ka zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun. Yi haka sau ɗaya a mako. Injin da ke shan mai zai iya yin shekaru yana aiki muddin ana cika masa, amma ranar da ya ƙafe zai buga. Jar fitilar mai da ke allo tana kamawa ne bayan matsin mai ya riga ya faɗi. Idan ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji nan take.

Jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Ka saya wurin dillalin da aka sani, ka duba hatimin murfi, ka kuma tsaya a buɗe galan ɗin a gabanka.

Lagireto da zafin inji

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Injin wannan Corolla na alminiyam ne, kuma alminiyam ba ya jure zafin da ya wuce kima. Obahitin ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan inji ya ƙone gasket.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare, kuma duk suna rage wa inji kwana. Ta farko zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto. Ruwan na ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin ƙananan bututun lagireto, yana kuma jawo tsatsa ya cinye famfon ruwa. Ruwan lagireto na gwangwani yana da sinadarin hana tsatsa, kuma idan murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata, ba ya tafasa sai ya wuce digiri 120. Idan ka sayi mai kauri da ake sirkawa, ka sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir.

Ta biyu cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota. Tamostat wani ɗan bawul ne da ke buɗewa a kusan digiri 82, aikinsa ya sa inji ya yi saurin kai zafin da aka tsara masa, wato kusan digiri 90, ya kuma tsaya a nan. Idan aka cire shi, injin kan daɗe bai kai wannan zafin ba, musamman da safe da lokacin hunturu, sai kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu yana da sanyi ta ci gaba da ƙara masa fetur. Ka ga an ƙara shan mai ke nan. Motar da ke obahitin tana da dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko murfi ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale a rufe. Abin da ya lalace shi za a sauya.

Na'urar OBD2 za ta nuna maka zafin ruwan da lamba, abin da allurar allo ba ta yi. Ka bar mota tana aiki a tsaye ka kalli lambar. Ya kamata ta hau, fanka ta tashi, lambar ta sauko. Idan ta haura 105 tana ci gaba da hawa, kashe motar. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai yi tsiri ya ƙone ka.

Ƙura da numfashin inji

Lokacin hunturu filtar iska na cika da wuri. Ka buɗe akwatinta sau ɗaya a wata, ka ɗaga ta saitin rana. Idan haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Hura ta da iska mai ƙarfi wurin mai faci na iya yaga takardar ta inda ido ba ya gani, ƙura ta samu hanyar shiga inji ta riƙa cin rin kamar sanfefa.

Bayan filtar akwai wata ƙaramar na'ura mai auna iskar da ke shiga, ana ce mata MAF. Idan ta yi datti, mota kan rasa ƙarfi, ta riƙa kakkarwa a tsaye. Noti biyu ne ke riƙe da ita. Ka cire ta, ka fesa mata maganin da aka yi musamman don wanke ta, ka bar ta ta bushe, ka mayar. Kada ka taɓa siraran wayoyin da ke ciki da hannu ko da tsinke.

Abin da fitilar inji ke faɗa

Da yawa daga motocinmu wannan fitila mai ruwan ɗorawa ta shekara a kunne, wasu ma an cire ƙwanta. Amma duk lokacin da ta kama, akwai lambar da kwamfuta ta ajiye. Ga waɗanda aka fi gani:

- P0171: iska ta fi fetur yawa. A wannan Corolla sau da yawa MAF ce ta yi datti, ko gasket ɗin bututun shigar iska ya tsufa yana zuƙar iska ta gefe, ko famfon mai ya yi rauni.
- P0300: inji na tsallake wuta ba a silinda ɗaya ba. P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa.
- P0420: matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata, ko an cire ta.
- P0128: ruwan inji ba ya kai zafin da ake so, alamar tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi.

Lambar tana nuna inda za a fara bincike ne, ba umarni ba ce na sayen sabon kaya. Misali idan ka ga P0302, ka musanya koyil ɗin silinda ta biyu da ta uku, ka goge lambar, ka yi ɗan zagaye. In ta koma P0303, koyil ɗin ne ya mutu. In ta tsaya a P0302, sai a duba fulogi ko nozul. Wannan gwajin bai fi minti goma ba, kuma zai hana a sa ka sayi koyil huɗu alhali ɗaya ne ya lalace. Idan fitilar na kyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, ɗanyen fetur na shiga salansa yana ƙona matatar, don haka ka rage gudu ka nemi gyara a ranar.

Batir da wayarin

Zafi ya fi sanyi kashe batir, shi ya sa a nan ba ya daɗewa kamar yadda yake yi a Turai. Da safe kafin ka tayar da mota, ɗora mitarka a kan batir. Bolt 12.6 na nufin a cike yake, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni. Tayar da injin ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 zuwa 14.7. In bai kai haka ba, altaneto ba ta caji, kuma sabon batir ma zai mutu cikin kwanaki.

Farin gari da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan ɗumi da bakin soda da tsohon buroshi. Wajen cirewa a fara da waya mai alamar ragi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Idan fis ya ƙone, ka sa mai lamba irin tasa. Ɗaura waya a madadin fis na daga cikin abubuwan da ke sa mota ta kama da wuta.

Taya da birki

A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tayoyin da suka tsufa, domin roba na bushewa ta tsattsage ko da zanen bai cinye ba, ga kuma zafin kwalta. Kafin ka sayi 'yar Beljiyam, duba wannan lambar.

Yawan iskar da ta dace na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a ƙananan motoci yawanci bai wuce 30 zuwa 33 ba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci kan cika har 45 ko 50, wanda ke cinye tsakiyar taya ya kuma rage riƙon hanya. Ƙarancin iska kuma na ƙara shan mai, yana sa taya ta yi zafi ta fashe. Ka auna da safe kafin a hau hanya, har da safaya.

Takalmin birki idan kaurinsa ya sauko kusan milimita 3, a sauya shi kafin ƙarfe ya fara cin faranti. Man birki na zuƙar laima daga iska, kuma man da ya sha ruwa na iya tafasa a doguwar gangara birki ya tafi ƙasa. A sauya shi duk shekara biyu zuwa uku, da irin wanda aka rubuta a murfinsa, DOT 3 ko DOT 4.

Abubuwan da suka bambanta daga mota zuwa mota

Wannan Corolla sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan injinta, kuma tana daɗewa muddin ana juye a kan lokaci. Yawancin injunan Golf 3 da na Peugeot 206 kuwa bel ne na roba, wanda ake sauyawa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 gwargwadon injin, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar. A injuna da yawa idan ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Idan ka sayi mota ba ka san ranar da aka sa bel ɗin ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi.

Mai Peugeot 206 ya riƙa tsayawa a bayan motarsa yana kallon tayoyin baya. Idan samansu ya karkata ciki, boris ɗin aksul na baya ya cinye, kuma gyara da wuri ya fi sauƙin kuɗi. Mai Corolla mai giyar otomatik kuma ya sani man giyarta T-IV ne. Kada a zuba mata kowane jan mai don kawai launinsu ɗaya.

Akwai kuma batun jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ta sa aka yi kiranyen miliyoyin motoci a duniya, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Sinadarin da ke hura jakar na lalacewa da daɗewa a zafi da laima, ta yadda za ta iya fashewa ta watso ƙarafa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 na cikin waɗanda abin ya shafa, a ɓangaren fasinjan gaba. Idan motarka daga Amurka ta zo, kwafi lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa ta a shafin hukumar NHTSA ka ga ko an yi mata gyaran.

Abin da za ka bar wa bakanike

Juye, sauya filta da fulogi da fis da ƙwan fitila, wanke MAF da kan batir, duk za ka iya a gida. Buɗe inji, sauya bel ɗin tayimin, gyaran giya, bututun birki, iskar esi da jakar iska, waɗannan na masu sana'a ne. Ko a nan ma ilimin da ka samu zai yi maka rana, domin wanda ya je gareji da lambar matsala a wayarsa ba a cika juya shi ba. Ka nemi a ba ka tsohon kayan da aka cire. Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, ka tafi da lambar kayan ko tsohon a hannu. A kan birki da taya da bel kada ka bi araha.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai ka sa mata ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi, ka kuma tokare tayoyi. Kada ka bar inji na aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Tsohon mai kuma a zuba shi a jarka a kai gareji, kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya.

Da damina, in ruwa ya kai rabin taya ka nemi wata hanya. Idan mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake yi mata ki, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Yaushe ne riƙon ya daina riba?

Littafin nan da ka riƙa rubutu a ciki shi zai ba ka amsa. Tara abin da ka kashe a gyara cikin wata goma sha biyu, ban da fetur da juye, ka raba gida goma sha biyu. Kwatanta shi da abin da sauya mota zai ci maka, kana tuna cewa wadda za ka saya ma tsohuwa ce da ba ka san tarihinta ba. Sau da yawa za ka tarar ko sauya inji gaba ɗaya ya fi sauƙi, idan jikin motar da giyarta lafiya suke.

Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ruɓewar ƙashin mota, ko shasin da ya karkace bayan haɗari har taya ba ta zama daidai, ko wayarin da aka yayyanka aka ɗaɗɗaure har matsala ba ta ƙarewa. Motar da ta kai nan, kuɗin da za ka zuba mata ba zai dawo ba, kuma iyalinka ne a ciki.

Wadda ba ta kai nan ba, abin da take buƙata bai fi minti goma sha biyar a mako ba. Ka zaɓi rana guda, ko safiyar Asabar ce, ka duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki da iskar taya, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sau ɗaya a wata ka duba filtar iska, ka auna batir, ka soka OBD2 ka ga ko akwai sabuwar lamba, sannan ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata.